Yaron Bencin Baya

A wannan wata niyyarmu ita ce mu tattauna a kan shirin jarrabawar BECE, to amma wani abu da idonmu ya gane mana ranar wata Alhamis bayan an tashi daga makaranta, shi ya sa muka jingine waccan magana sai wani jiƙon. Yara ne kamar su bakwai suka biyo bayan wani ɗan aji uku mai jan ƙafa, kowannensu ya karkace kafaɗa yana kwaikwayon tafiyarsa. Shi kuwa yaron bai waiga ba, bai kuma ƙara sauri ba, da ganinsa ka san ya saba. Mata masu sayar da shinkafa da wake a bakin ƙofa suna ta dariya. Da muka daka wa yaran tsawa suka watse, sai ɗaya daga cikin matan ta ce mana, "Haba Ticha, ai wasan yara ne."

Mun shekara ashirin da 'yan kai muna riƙe da alli, kuma babu shekarar da ba mu ji wannan kalma ba. Mun ji ta a bakin iyaye, mun ji ta a ɗakin hutun malamai, mu ma kanmu mun sha faɗinta. Saboda haka kada mai karatu ya ɗauka wani mai tsarki ne ya zo yi masa wa'azi. Mu da muka yi firamare a zangon Kumasi a ƙarshen shekarun 1980, akwai wani ɗan ajinmu mai i'ina. Duk ranar da malami ya tsayar da shi karatu, mu ranar sallarmu ce. Da an fita tara sai mu kewaye shi, wannan ya maimaita harafin da ya maƙale masa, wancan ya karɓa. Kwanan baya mun zauna da wasu abokan ajinmu su uku a wajen wani suna, muka yi ta ƙoƙarin tuna sunansa na yanka. Babu wanda ya tuna. Sunan tsokanar da muka raɗa masa kuwa dukkanmu muna riƙe da shi.

Mu Hausawa dai mun saba kiran mutum da lalurarsa: wane Gurgu, wane Makaho, wane Bebe, wance Zabiya. Sau da yawa ba da nufin cin fuska ba ne, har ma a garuruwanmu na asali akwai sarkin makafi da sarkin guragu, kowa da jama'arsa da girmansa. Amma fa idan muka duba da kyau, gurbin da al'adar ta tanadar musu shi ne bakin masallaci da ƙoƙon bara. Ba ta tanadar musu benci a cikin aji ba. Shi ya sa idan irin wannan yaro ya shigo makarantar boko da jaka a kafaɗa, sauran yara sukan dube shi kamar wanda ya yi ɓatan kai.

Bari mu ba ku labarin wani yaro da muka koyar a aji huɗu, shekarun baya. Za mu sakaya sunansa, domin yana nan da ransa kuma danginsa suna karanta wannan shafi. Ranar da muka karɓi ajin, yara sittin da wani abu, malamin da ya riƙe su a aji uku ya nuna mana shi da baki, can a bencin ƙarshe kusa da taga, ya ce kada mu wahalar da kanmu a kansa. Yara suna kiransa Dolo. Idan an yi masa tambaya sai ya yi murmushi, ko kuma ya ba da amsar da ba ta da dangantaka da abin da aka tambaya. A tambaye shi babban birnin jihar Asante, ya ce ranar Talata. Aji ya fashe da dariya, mu ma mu yi.

Akwai wata al'ada a makarantun ƙasar nan wadda duk wanda ya yi firamare ya san ta. Idan yaro ya kasa amsa, malami yakan ce wa aji, "Ku yi masa shem!" Sai yara sittin su haɗa baki su ja kalmar har a ji a ajin maƙwabta. Mun sa an yi wa wannan yaro shem ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Mun kuma zane shi saboda rashin kawo aikin gida, alhali kuwa da baki muke faɗin aikin, ana gab da tashi, yara na ta buga bencina. Ƙarshen kowane zangon karatu kuma a karanta sakamako a fili, daga na ɗaya har zuwa na ƙarshe, kowa ya san sunan da za a rufe da shi.

To yanzu a gaya mana, bayan malami ya yi wannan daga ƙarfe takwas zuwa ƙarfe biyu, da wane baki zai hana yara su ɗora daga inda ya tsaya? Yaro ba shi yake zaɓen wanda za a raina ba. Bakin manya yake kallo. Abin da yaran suka ƙara a kan namu kaɗan ne: ƙwace masa kuɗin abinci, ɓoye masa takalmi, liƙa masa takarda a baya, da laɓaɓowa ta bayansa a yi masa ihu a kunne don a ga yadda zai zabura. Wannan na ƙarshen ya isa ya farkar da mu. Yaran sun riga mu gane inda matsalar take, sai dai su abin wasa suka mai da ita.

Littafin lissafinsa ne ya tona asirin. Wata ranar Asabar muna duba littattafai a gida, sai muka lura cewa duk lissafin da muka rubuta a allo yana cin takwas ko tara cikin goma, amma shifta, wadda da baki ake yi, ba ya wuce ɗaya ko biyu. Dolo ba ya cin tara a lissafi. Ranar Litinin muka gwada shi. Muka juya baya muna rubutu a allo muka kira sunansa, shiru. Muka juyo muka fuskance shi muka sake kira da murya iri ɗaya, ya miƙe tsaye. Idonsa kuwa ba a kan idonmu yake ba, a kan leɓenmu yake.

Da yamma muka bi shi gida. Mahaifinsa direban babbar mota ne, yana hanyar Wagadugu, sai kakarsa muka tarar tana tsince wake. Bayan gaisuwa muka faɗa mata abin da muka gani. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Ai Ticha, tun yana goye kunnensa ke zubar da ruwa. Mu nan gida sai mun dafa shi muke yi masa magana." Muka ce, "To Iya, shekara huɗu yana makaranta, me ya hana ku faɗa mana?" Ta ɗago kai ta dube mu ta ce, "Wa ya tambaye mu?" Can kuma ta ƙara da cewa tsoronsu shi ne kada a ce an kore shi, ko a ce sai an kai shi makarantar kurame, nesa da gida, inda ba su san abin da zai ci ba, ba su kuma san wanda zai tashe shi salla ba.

Da mahaifin ya dawo aka kai yaron asibitin Komfo Anokye aka auna jinsa. Kunnen hagu ya kusa tafiya gaba ɗaya, na dama kuwa da saura. Ciwon kunne mai zubar da mugunya idan ya daɗe ba a yi magani ba, haka yake yi. An ba shi magani ruwan ya tsaya, amma abin da ya tafi ya tafi. An yi musu maganar na'urar ƙara ji, kuɗinta ya fi ƙarfinsu.

A nan ya kamata mu tsaya mu dubi wani nauyi da yake kan 'ya'yanmu na zango musamman. Yaronmu da Hausa yake tashi a gida. Da ya shiga makaranta sai Turanci, ga kuma Tonanci, domin Hausa ba ta cikin harsunan da gwamnati ta zaɓa don koyarwa a firamare. Da la'asar ya tafi makarantar allo, can kuma Larabci. Harsuna huɗu ke nan a wuni ɗaya. Mai lafiyayyen kunne ma yaya ya ƙare, balle wanda rabin magana ke isa gare shi? Wanda ya san harshe sosai, idan ya ji rabin kalma yakan cike sauran da kansa. Wanda yake koyon harshen kuwa ba shi da abin cikewa. Har ila yau wannan yawan harsuna shi ke ɓoye lalurar, domin idan ɗan zango ya yi shiru a aji, abin da malami zai fara kawowa a ransa shi ne ai bai iya Turanci ba ne, ko kuma a ce 'yan zango dama ba su damu da boko ba. Da wannan zato aka rufe yara da dama waɗanda likita kawai suke bukata.

Mun dawo da shi bencin gaba, ta yadda kunnensa na dama zai fuskanci teburinmu. Muka daina magana muna kallon allo, muka koma rubuta aikin gida maimakon faɗinsa. Muka kuma koyi cewa ɗaga murya ba ya taimakonsa, abin da yake so shi ne ya ga baki, a kuma yi magana a tsanake. Kafin ƙarshen shekara ya baro na ƙarshe ya shigo tsakiyar aji. Mu a zatonmu magana ta ƙare.

Ashe suna kawai aka sauya masa. Dolo ya tafi, Kurma ya zo. Yaran suka ƙirƙiro sabon wasa: su tsaya a gabansa, su rufe baki da tafin hannu, su zage shi, shi kuwa yana ganin kafaɗunsu na rawa don dariya amma bai san abin da aka ce ba. Muka kama manyan cikinsu muka hukunta. Abin ya lafa a cikin aji, ya koma hanyar gida da makarantar allo, inda idonmu ba ya kaiwa. Daga nan muka fahimci cewa bulala ba ta kashe cin zali, wuri kawai take sauya masa. Ko da Hukumar Ilmi ta Gana ta hana dukan ɗalibai a 2017, ta kuma fito da tsarin horo ba da bulala ba a 2019, malamai da yawa sun yi ta gunaguni, mu kuwa a kan wannan batu ba mu yi asarar komai ba.

Sai muka je wajen malamin allonsu, dattijo ne mai saukin kai. Da muka yi masa bayani ya yi salati, ya ce shi ma ya sha dukan yaron a kan hadda, yana zaton taurin kai ne. Washegari ya tara almajiransa ya ba su tarihin Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makahon da ya yi ladanci a Madina, ya kuma ce duk wanda ya sake kiran ɗan'uwansa da sunan banza, da shi yake yi. Gaskiya maganarsa ta minti goma ta fi hukuncinmu na wata guda tasiri.

Mun gwada wata dabara kuma. Muka sayo auduga muka sa kowane yaro ya toshe kunnuwansa, muka juya baya muka yi musu shifta. Babu wanda ya ci rabi. Wasu sun yi jugum, abin ya shige su. Wasu kuwa wasa suka ɗauke shi, bayan mako biyu sun manta. Ba za mu ce dabarar banza ce ba, amma ba za mu yi wa abokan aiki alkawarin mu'ujiza ba.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne jagoran masu tsokanar. Ƙato ne, ya girmi 'yan ajin da shekara uku, ya maimaita aji sau biyu. Wata rana muka tsare shi bayan an tashi, muka ba shi littafin aji biyu ya karanta. Ya kasa. Haruffa rikice masa suke yi, ya ɗauki wannan a matsayin wancan, ya tsallake layi bai sani ba. Ya yi ta zufa, daga baya ya fashe da kuka, ya ce, "Ticha, don Allah kada ka gaya wa kowa." Shi ma ashe mai bukata ta musamman ne, ba a taɓa auna shi ba. Ya gane tun da wuri cewa a kowane aji dole a sami wanda za a yi wa dariya, shi ne ya tabbatar ba shi ba ne. Muka haɗa su benci ɗaya, mai matsalar kunne yana nuna masa lissafi, shi kuma yana maimaita masa abin da aka faɗa daga bayan aji. Ba su zama aminai ba, amma tun daga ranar babu wanda ya sake ƙwace wa yaron kuɗin abinci.

Idan ana maganar doka, ƙasar nan ba ta gaza ba. Gana ce ƙasa ta farko da ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara a 1990. A 1994 gwamnatoci 92 sun taru a Salamanka ta ƙasar Sifen suka amince cewa yara masu bukata ta musamman su yi karatu tare da sauran yara a makarantar unguwarsu. A 2006 majalisarmu ta zartar da dokar naƙasassu mai lamba 715, wadda ta wajabta wa iyaye sa irin waɗannan yara a makaranta, ta hana shugaban makaranta ƙin karɓarsu saboda lalurarsu sai in an auna an ga makaranta ta musamman suke bukata. Mutane da yawa ba su san cewa dokar ta haramta kiran naƙasasshe da sunan wulaƙanci ba, har da tara ko ɗauri. A 2015 kuma aka fito da manufar ilmin bai-ɗaya. Ƙidayar 2021 ta nuna cewa kimanin kashi 8 cikin 100 na 'yan ƙasa masu shekara 5 zuwa sama suna da wata matsala ta gani, ko ji, ko tafiya, ko tunani, ko makamancinsu. Kowane malami ya dubi ajinsa ya yi lissafi da kansa.

Makarantu na musamman ma sun daɗe. Ta makafi da ke Akropong tana nan tun shekarun 1940. Ta kurame kuwa wani Ba'amurke baƙar fata, Andrew Foster, wanda shi kansa kurma ne, ya fara ta a Ankara a 1957, daga baya ta koma Mampong ta Akuwapim. Nan kusa da mu akwai ta kurame a Jamasi, akwai kuma ta masu jinkirin fahimta a Asokore Mampong, ga ta nan a bayan gidanmu. A ra'ayinmu, yaron da ba ya ji ko kaɗan, zalunci ne a ajiye shi a gaban malamin da bai iya maganar hannu ba a ce wai an haɗa shi da 'yan'uwansa. Gara Jamasi, inda zai sami harshe da abokai. Amma mafi yawan yaran da muke magana a kansu ba su kai can ba. Masu rabin ji ne, masu rabin gani, masu i'ina, masu jan ƙafa, masu jinkirin karatu. Wurinsu ajinmu ne. Abin da manufa ta iya shi ne ta buɗe musu ƙofa. Abin da zai same su tsakanin ƙofar da bencinsu kuwa, takarda ba ta gani. Mu a kwalejin horon malamai darasin da aka yi mana a kan wannan fanni bai taka kara ya karya ba, mun haddace don jarrabawa, muka fito ba mu san yadda ake gane yaron da ba ya ji ba.

Ba kowane labari ne ya zo da sauƙi irin na wancan yaro ba. Bayansa da shekara biyu mun sami wata yarinya a aji biyar, mai ƙoƙari, rubutunta kamar na inji. Wata rana ana tsakiyar darasi farfaɗiya ta kayar da ita. Yara suka yi waje da gudu, wasu ta taga, domin an gaya musu a gida cewa duk wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa ya ɗauka. Wannan magana ba gaskiya ba ce. Farfaɗiya ciwon ƙwaƙwalwa ce, ba a ɗaukarta ta yawu, ko ta taɓawa, ko ta cin abinci tare, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin 100 na masu ita za su iya daina faɗuwa idan suna samun magani yadda ya kamata. Abin da ake yi wa wanda ya faɗi shi ne a kawar da abin da zai ji masa ciwo, a sa masa abu mai laushi a ƙarƙashin kai, a juya shi ta gefe idan jijjigar ta lafa. Ba a danne shi, ba a cusa masa cokali a baki, ba a ɗura masa ruwa. Idan abin ya wuce minti biyar sai asibiti.

Duk wannan mun faɗa wa ajin washegari. Amma wanda muke ja da shi ba yaro ba ne, uwarsa ce da ke gida. Ba wanda ya zagi yarinyar, ba wanda ya taɓa ta, kuma rashin taɓawar shi ne cin zalin. Bencinta na mutum uku ya zama nata ita kaɗai. Idan ta sha ruwa da kofin aji sai a bar kofin nan. Idan ta miƙa littafi a karɓa da bakin yatsu. 'Yan mata suka daina sa ta a wasan gaɗa. Iyaye biyu suka zo da kansu suka roƙi a raba 'ya'yansu da ita. Mun sha ruwa da kofinta a gaban aji don su gani, suka dube mu kamar mai shirin mutuwa. Wane hukunci za ka yi wa yaro don ya ƙi zama kusa da wani?

Ta yi wata biyu a haka, sa'an nan ta fara fashi, daga baya ta daina zuwa. Muka je gidansu sau uku. A zuwa na ƙarshe mahaifiyarta ta ce, "Ticha, ba mu muka hana ta ba. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo. Ka bar ta ta huta." Muka ce to, da nufin mu koma bayan hutu. Aka dawo hutu, aiki ya sha kanmu, sabon aji, sababbin yara sittin, ba mu koma ba.

Shi yaron bencin baya ya gama ƙaramar sakandare, ya rubuta BECE ya ci, yanzu yana koyon gyaran wayar mota a Suwame, maigidansa ya ce ba ya bukatar a nuna masa abu sau biyu. Ita kuwa mun gan ta bara a tashar Aboabo da farantin ruwan leda a ka. Ita ta fara gane mu, ta rusuna ta ce, "Ticha, ina wuni?" Muka tambaye ta jiki, ta ce tana karɓar magani a asibiti, ta fi shekara biyu ba ta faɗi ba. Muka sayi ruwa ɗaya. Da za ta ba mu canji, sai ta ajiye kuɗin a kan bencin tashar maimakon ta sa mana a hannu.